Batir Ya Mutu Ƙarfe Goma Saura

Yayana Mutala ne ya sayo ta a Adum,
kwamfutar cinya, ta hannu,
ta taɓa zama gidan wani a Jamus,
harafin Z na zaune inda Y ya kamata.
Wata bakwai yana kwance ƙarƙashin motocin Magazin,
baƙin mai har cikin farce,
kafin ya miƙo mini ita a jakar leda.
Ya ce, "Kar ki je jami'a da biro
kamar mai rubuta bashin gawayi."

Na rungume ta kamar jinjira
daga Aboabo har bakin Tek,
gwiwa a matse, karen mota na ihu a kunnena.

A aji yatsuna ba sa jiran kowa.
Kafin Dokta Amankwa ya rufe baki na cafke maganar,
har tarinsa na kusa rubutawa.
Shafi tara a zama guda!
Da magariba Inna na tuƙa tuwo ta ce,
"Yau me aka koya muku?"
Na buɗe baki. Wayam.
Ashe karatun ta kunne ya shiga, ta yatsu ya fice,
bai ko tsaya sun gaisa da kaina ba.

A gefena Pokuwa ke zama,
da littafi mai lanƙwasasshen bango
da biron da ta taune wa kai.
Sai ta yi shiru tukuna, ta karkata wuya
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
sannan layi uku, kibiya, wani zane mai kama da wake.
Na ce a raina: wannan an bar ta a tasha.

Ran Laraba aka kwana ba wuta.
Batir ya mutu ƙarfe goma saura,
ana tsakiyar yadda ƙoda ke tace jini.
Gilashin ya yi baƙi ƙirin,
na ga fuskata a ciki, baki sake, mayafi a karkace.
Pokuwa ba ta dube ni ba.
Ta yago falle biyu daga tsakiya,
ta turo mini da gwiwar hannu.

Hannuna ya manta hanya.
Dokta na jimla ta huɗu, ina kan ta farko.
Dole na fara zaɓe,
wannan a ɗauka, wancan a bar wa mai shi,
kamar mai cefane a Kejetiya da sidi goma.
Abin da na ɗauka kaɗan ne,
amma sai da na juya shi, na latsa, na taya.

Takardar na nan har yau,
da ɗigon shito a kusurwar hagu.
Ranar jarrabawa na rufe ido na gan ta:
amsa ta uku tana ƙasan ɗigon,
inda biron ya fara shiɗewa na karce da ƙarfi.

To amma kar in yi butulci.
Da ruwan Yuni ya sauko irin na Kumasi,
rufin ɗakin su Pokuwa ya yi yoyo,
karatun zango guda ya koma shuni,
shafi ya manne da shafi kamar danƙo.
Ta zo Aboabo da dare, takalmi a hannu,
muka zauna kan tabarmar Inna,
shafukan nan tara-tara da na raina
su suka fitar da ita kunya.

Jiya Mutala ya dawo, ya zauna bakin ƙofa yana kwance igiyar takalmi.
Ya ce, "Tana dai aiki?"
Na ce, "Tana yi."
Ya dubi tawadar da ke gefen yatsana,
na dubi baƙin man da ke nasa.
Inna ta ce a zo a ci tuwo kar ya huce.